Waiwaye: Yadda Raunin Ɗalibi Ya Zama Maganar Kotu a Legas

A da, idan yaro ya dawo daga makaranta da karaya ko fashewar kai, maganar ba ta wuce ofishin hedimasta. A ba da haƙuri, a biya kuɗin ɗori, uba ya ce ƙaddara ce. Doka ma a lokacin ta fi karkata ga malami, domin sashe na 295 na kundin laifuffukan da Turawa suka shimfiɗa a 1916 ya yarje masa ya hori ɗalibi matuƙar bai wuce kima ba.

Sauyin ya taho sannu a hankali. Najeriya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, amma sai a 2003 aka yi dokar tarayya. Legas ta yi tata a 2007, tare da tanadin kotunan iyali, kuma a shekarar ce ta sake fasalin dokar binciken musabbabin mutuwa. A 2016 gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu kan umarnin kare yara, wanda ya wajabta wa makarantu, na gwamnati da na kuɗi, kai rahoton duk wata cutarwa.

A takarda an gama magana. Abin da ya farkar da iyaye kuwa gawarwaki ne. A Maris 2019 bene ya rufta a Ita-Faji, ga makarantar firamare a samansa, mutum kusan 20 suka rasu. A Nuwamba 2021 wani ɗalibin Dowen College da ke Lekki, ɗan shekara 12, ya rasu, iyayensa suka ce dukansa aka yi. An daɗe ana kai ruwa rana kafin mai binciken musabbabin mutuwar ya yanke a Afrilu 2024 cewa cuta ce ta shiga jininsa, ya wanke makarantar. Duk hayaniyar Facebook ba ta yi nauyin rahoton likitocin da suka duba gawar ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na 9 ga Fabrairu 2023, a filin wasa na Agege, inda wata ɗalibar makarantar Chrisland ta faɗi ana tsakiyar wasannin makaranta, ta rasu. Binciken gawa ya nuna jan wutar lantarki, gwamnatin jiha ta gurfanar da makarantar da wasu mutum huɗu a babbar kotun Ikeja. Nan ma takardar likita ce ta juya zancen.

To, mu fa? Mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12 mafi yawa 'ya'yanmu na ƙananan makarantun kuɗi ne da Islamiyyu, wasu ko rajista babu. Abu ya faru, sai a garzaya fadar Sarkin Hausawa ko wurin liman. Ban ga laifin sulhu ba. Babbar kotun Legas kanta tana son a nuna an gwada sasantawa kafin a shigar da ƙara, ga kuma cibiyar sulhu ta gwamnati da ke aiki kyauta. Inda muke asara shi ne zuwa sulhun hannu rabbana. An kai yaro wurin mai ɗori, babu hoton ƙashi, babu rasit, babu wanda ya rubuta sunan malamin da ke aji. Bayan wata uku hannu ya shanye, mai makaranta ya ce a gida ya faɗi.

Shari'ar sakaci abu uku take nema: makaranta na da alhakin kula da yaron, ta yi sake, kuma sakacin ne ya jawo raunin. Saboda haka a fara da asibiti, a karɓi rahoton likita, a ɗauki hoton raunin da wurin, a rubuta wa makaranta takarda a riƙe kwafi. Idan duka ne ko cin zarafi, a sanar da 'yan sanda da ma'aikatar ilimi a Alausa. Yaro ba ya ƙara da kansa, uba ko waliyyi ne ke tsaya masa, kuma ƙarar diyya tana da wa'adi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi ofishin lauyoyin talakawa na jiha, OPD, da aka kafa tun 2000.