Waiwaye: Wa ke sa ido kan tiyatar da ake sallamar mutum ranar da aka yi ta?

Kafin asibiti ya iso Sakkwato, aska a hannun wanzami take. Shi ke kaciya, shi ke cire beli, Sarkin Aska na tsawatar masa. Da dokar zamani ta zo, da likita ta fara, ba da ɗakin aikinsa ba. A 1963 aka kafa majalisar likitoci wadda yau ake kira MDCN. Ita ke yi wa likita rajista, tana sabunta masa lasisi duk shekara. Rajistar asibitin kuɗi kuwa aikin jiha ne, a nan Ma'aikatar Lafiya. Legas ta ware wa wannan aiki hukuma guda, HEFAMAA, tun 2006.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara ɗaure zancen: ba a buɗe wurin jinya sai da takardar cika ƙa'ida, wanda ya saɓa kuwa tara ce da ba ta gaza naira 500,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka.

Amma takarda a bango ba ta numfashi a madadin majinyaci. Aikin kaba, gwaiwa, cire ƙari ko kaciya, ana kiransu "ƙaramin aiki", kuma wannan sunan ne ke jawo sakaci. Ketamin, maganin sa barci a tiyata, kan sa yawu ya taru, maƙogwaro ya shaƙe. In babu iskar oksijin, babu injin zuƙe majina, babu na'urar auna oksijin a jini da ake maƙalawa a yatsa, mintuna kaɗan sun isa a rasa rai. Ana kuma hana abinci awa 6 kafin a sa mutum barci, don kada amai ya shiga huhu. Allurar kashe zafi ta lidoken ma da nauyin jiki ake auna ta, kuma a wajen yara aka fi zarcewa.

Kayan aiki ba a tukunya ake tafasa su ba. Tukunyar tururi ta asibiti sai ta kai digiri 121, kayan da aka naɗe su yi minti 30; in wuta ta ɗauke a tsakiya, a sake daga farko.

A ganinmu, dubawar ranar buɗe asibiti ba ta wadatar. Mai bincike ya dawo ba zato, ya murɗa tulun oksijin ya ji ko da iska, ya buɗe littafin tiyata ya ga wa ya riƙe wuƙa, ya tambayi motar da za ta kai majinyaci Asibitin Ƙwararru ko na Koyarwa na Danfodiyo in jini ya ɓalle da tsakar dare.