Waiwaye: Yadda Matan Kudancin Asiya Suka Tashi Daga Ɓoye Suna Zuwa Nuna Fuska a Intanet

Matan Indiya da Pakistan da Bangaladash da Siri Lanka da suka fara rubutu a intanet a farkon shekarun 2000 kashi biyu ne, kuma ba abu ɗaya ke damunsu ba.

Kashi na farko 'ya'yan waɗanda suka yi ƙaura ne. Amurka ta sassauta dokar shige da fice a 1965, likitoci da injiniyoyin Indiya suka kwarara can. A 1972 Idi Amin ya kori 'yan Asiya daga Uganda, dubbai suka sauka a Ingila, da yawa a Leicester. 'Ya'yansu mata sun tashi da Punjabi ko Gujarati a gida, Turanci a makaranta. Iyaye na ganin sun koma Turawa, a waje kuma ana tambayarsu daga ina suka zo. Shafin Sepia Mutiny, wanda ya yi aiki daga 2004 zuwa 2012, da mujallar Brown Girl da aka kafa a 2008, nan suka riƙa baje wannan damuwa: auren haɗi, sutura, da tsoron abin da dangi za su ce.

Na gida kuwa, abin da ke gabansu shi ne me zai biyo baya idan suka buɗe baki. A 2003 Jasmeen Patheja ta kafa gangamin Blank Noise a Bangalore ta Indiya kan cin zarafin mata a titi, a 2006 kuma ta sa masu shafuka suka rubuta abin da ya same su a bas da kasuwa. A Janairun 2009 sashen Urdu na BBC ya fara wallafa labaran wata yarinya 'yar shekara 11 daga kwarin Swat na Pakistan da sunan aro Gul Makai. Malala Yousafzai ce. Sai bayan an san sunanta da fuskarta ne 'yan Taliban suka harbe ta a Oktoban 2012.

Rubutu yana rufa asiri. Sunan aro, adireshin imel na daban, babu hoto, a canza sunan unguwa, shi ke nan. Bidiyo ne ya rushe wannan kariya.

Ga na ƙetare, nuna fuska riba ce. Lilly Singh, 'yar Toronto mai asalin Punjab, ta buɗe tasharta a YouTube a 2010 tana kwaikwayon iyayenta, har ta kai ga samun shirin dare a gidan talabijin na NBC na Amurka a 2019. Batun launin fata ma fuska yake buƙata. Gangamin Dark is Beautiful ya faro daga Chennai a 2009, maudu'in #UnfairAndLovely ya bazu a 2016, a 2020 kuma Unilever ya sauya sunan man Fair & Lovely da yake sayarwa tun 1975 zuwa Glow & Lovely. Suna kawai aka taɓa, man yana nan a kanti, kuma duk wanda ya san yadda bilicin ya kama kasuwanninmu ya san ba a yi nasara ba tukuna.

A gida fuskar nan tana iya cin rai. Qandeel Baloch, 'yar talakawa daga kudancin Punjab ta Pakistan, ta yi suna a Facebook da sunan da ba nata ba. A Yunin 2016 kafafen labarai suka nuna fasfonta da ainihin sunanta, surutu ya isa ƙauyensu, a watan Yuli ƙanenta ya shaƙe ta a Multan. A Oktoban shekarar majalisar Pakistan ta gyara doka don yafewar dangi ta daina kuɓutar da mai kisa da sunan kare mutunci. An yi wa ƙanen nata ɗaurin rai da rai a 2019, amma babbar kotun Lahore ta sake shi a 2022. Abin takaici ne ƙwarai, domin waɗanda suka tona sunanta don cinikin labari ba wanda ya tuhume su.

A Satumban 2016 kamfanin sadarwa na Jio ya karya farashin data a Indiya, matan ƙauye da ba sa jin Turanci suka cika TikTok da harsunansu. A ranar 29 ga Yunin 2020 gwamnati ta rufe manhajar tare da wasu 58, mabiyan da suka tara suka bi ruwa. Sai kuma manhajojin Sulli Deals a 2021 da Bulli Bai a farkon 2022, inda aka kwaso hotunan Musulmi mata masu magana a Twitter aka jera kamar kayan gwanjo.

Kuɗi ma yana tona asiri, kuma nan ne sabbin shiga suka fi faɗawa. A 2018 YouTube ya fara neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin a raba kuɗin talla. Daga nan sai sunan gaskiya da asusun banki, kuma Google yana aiko lambar tabbatarwa a ambulan ta gidan waya, wanda kowa a gidan zai iya buɗewa. Idan layin wayar da sunan miji ko yaya aka yi rajistarsa, ko kuma wayar ta haɗaka ce, lambar shiga shafi tana iya faɗawa hannun wani. Shi ya sa tashoshin girki da yawa ke kafa kyamara a saman tukunya: hannu da murya kawai, a kauce wa taga da madubi da lambar mota. A Pakistan, gidauniyar da lauya Nighat Dad ta kafa a 2012 ta buɗe layin agaji ga waɗanda ake wa barazana da hotunansu a 2016.

Sukar da ta daɗe tana bin shafukan ƙetare ita ce yawancin masu su 'ya'yan manyan dangi ne masu Turanci, suna magana kamar kowa irinsu ne. Matan Dalit, waɗanda tsarin gadon asali na Indiya ya ajiye a ƙasa, sai da suka buɗe nasu. Misali, jaridar Khabar Lahariya, wadda matan karkara suka fara a 2002 a Chitrakoot ta Indiya da harshen Bundeli, daga baya ta koma bidiyo ta wayar hannu. Wakilanta suna tsayawa gaban kyamara da sunansu na gaskiya, suna tambayar 'yan sanda da masu fasa dutse ba bisa ƙa'ida ba, a garuruwan da kowa ya san ƙofar gidansu.