Waiwaye: takardar "sa hannu nan" ta asibiti da malamin falsafar da ke bayanta

Watan jiya na raka Goggona wani asibiti a nan cikin Jos, ba zan faɗi sunanshi ba don duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san kusan duk haka abin yake. Tiyata za a mata a ciki. Da sassafe ne, irin sanyin nan namu mai shiga har ƙashi, tana kwance ta ƙudundune cikin bargo biyu sai ga wata nas da fayil da biro tace ina mijinta. Muka ce ya rasu shekara tara kenan. Tace to babban ɗanta fa. Ya matso, ta nuna mishi tace sa hannu nan da nan da nan, ita kuma Goggo aka kamo babban yatsanta aka dangwala. Takardar shafi biyu ce da Turanci kuma babu wanda ya karanta, har ni da nake taƙamar na yi boko. Nas ɗin na juya baya Goggo ta jawo hannun rigata tace, "Kai ɗan nan, wai me za su cire min ne?"

Shiru na yi, don ni ma abin da na sani kawai shi ne "aiki za a yi".

Abin da ya sa nake wannan rubutun kenan. Takardar nan da muke ɗauka kaman wani shinge ne da ake tsallakewa kafin a shiga ɗakin tiyata, an sha wuya kafin a same ta, mutane sun mutu a kanta, kuma asalinta don Goggo aka yi ta, ba don fayil ɗin asibiti ba.

Zancen ya faro ne daga Jamus bayan yaƙin duniya na biyu. A birnin Nuremberg aka gurfanar da mutum 23, 20 daga cikinsu likitoci ne, saboda gwaje-gwajen da suka yi a kan fursunoni a sansanonin Hitila, wasu a jefa su cikin ruwan ƙanƙara a ga minti nawa za su kai, wasu a sa musu zazzaɓin cizon sauro da gangan. A 1947 aka yanke hukunci, 7 aka yanke musu kisa, kuma a cikin hukuncin alƙalan suka jero ƙa'idoji 10 na yin gwaji a jikin ɗan Adam. Ta farkon ita ce dole sai da yardar mutum, yarda ta son rai, bayan ya fahimci abin da za a mishi. A 1964 ƙungiyar likitoci ta duniya ta fitar da nata a Helsinki wanda har yau ake sabuntawa.

Amma fa likitocin Amurka sun ɗauka wannan doka ta 'yan Nazi ce, su ai mutanen kirki ne ba ruwansu. Alhali tun 1932 hukumar lafiyar gwamnatinsu tana gudanar da wani bincike a Tuskegee ta jihar Alabama a kan baƙaƙen fata 600, talakawa manoma, 399 suna da tunjere, ciwon da ake ɗauka ta hanyar saduwa, 201 ba su da shi. Ba a faɗa musu sunan ciwon ba, ce musu aka yi jininsu ne ya ɓaci, ana ba su abinci kyauta da alƙawarin kuɗin jana'iza. Abin da ake so kawai a ga yadda ciwon ke cin mutum har ya kai shi kabari. Allurar penisilin ta fito, zuwa 1947 kowa ya san tana warkar da tunjere, aka ƙi ba su, aka ci gaba da kallo har 1972 lokacin da wani ma'aikaci Peter Buxtun ya kwarmata wa 'yan jarida. Shekara 40 cur. Sai a 1997 shugaba Bill Clinton ya nemi gafarar 'yan tsirarun da suka rage.

To a nan malaman falsafa suka shigo, kuma abin dariya ne yadda suka shigo. Kafin lokacin yawancin masu koyar da falsafar ɗabi'a a jami'o'in Ingila da Amurka sun duƙufa ne wajen musu kan wai me kalmar "alheri" take nufi, shekara da shekaru ana abu ɗaya, wanda in ka kai musu tambayar ko a cire wa mara lafiya injin numfashi sai su ce ba fanninsu ba ne. Bayan tonon asirin Tuskegee majalisar Amurka ta yi doka a 1974 ta kafa hukuma ta musamman, aka ce ta fito da tushen da za a riƙa auna daidai da kuskure wajen bincike a kan mutane, sai ya zama dole a nemo masu aikin tunani. Har ɗaya daga cikinsu, Stephen Toulmin, ya yi rubutu a 1982 yana cewa likitanci ne ya ceto ran ilimin ɗabi'a, wato da ba don matsalolin asibiti ba da fannin ya mutu a aji.

Cikin waɗanda aka ɗauko akwai Tom Beauchamp, rubutun sunan daban furucin daban, Bicham ake cewa. An haife shi a 1939 a Texas, ya yi digirinshi na uku a jami'ar Johns Hopkins a 1970, ya kama koyarwa a jami'ar Georgetown da ke Washington, kuma asali shi masanin rubuce-rubucen David Hume ne, wani bafalsafe ɗan Scotland na ƙarni na 18, abin da ba ya da alaƙa da allura ko sirinji. Shi aka ɗora wa yawancin aikin rubuta rahoton hukumar, wanda ake kira rahoton Belmont, aka wallafa a 1979. Rahoton gajere ne ƙwarai, tushe uku ya tsaya a kai: a girmama mutum, a nufe shi da alheri, a yi adalci wajen zaɓen waɗanda za a yi gwaji a kansu kar kullum ya zama talaka da fursuna da baƙar fata ne ke ɗaukan haɗari wasu na shan romo.

A wannan shekarar dai ta 1979 shi da James Childress, wanda shi kuma ta ɓangaren ilimin addini ya fito, suka fitar da littafin Principles of Biomedical Ethics, suka mai da tushen huɗu suka kuma faɗaɗa shi daga ɗakin bincike zuwa gadon asibiti. Mutum shi ke da ta cewa a kan jikinshi. Kar ka cutar. Ka amfanar. Ka yi adalci. Littafin ya kai bugu na 8 a 2019, kuma in ka tare ɗalibin likitanci ko na aikin jinya a Jos ka tambaye shi zai jero maka huɗun nan kaman karatun allo ko da bai san wa ya tsara su ba. Abin da ya burge ni da su shi ne ba su ce ɗaya ta fi sauran a kullum ba, sun ce za su riƙa karo da juna, aikin likita shi ne ya auna a kowane hali. Daga baya a 1986 Beauchamp da Ruth Faden suka yi wani littafin sukutum a kan tarihin neman yardar mara lafiya kaɗai, kuma a ciki suka bambance abu biyu da ni a ganina su ne zuciyar maganar: akwai yardar da dokar asibiti ta gamsu da ita, wato sa hannu, akwai kuma yardar gaske inda mutum ya gane abin ya ce a yi. Ana iya samun ta farko babu ta biyun. Abin da na gani da idona kenan a gadon Goggo.

Kar wani yace wannan duk labarin Turawa ne. A 1996, zamanin Abacha, sanƙarau ya ɓarke a Arewa ya kashe mutum kusan 12,000. Ana cikin wannan tashin hankalin kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinshi Trovan a kan yara. Yara 200 ne, kusan rabi aka ba Trovan sauran aka ba wani maganin da aka riga aka sani, 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan 6 a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ciwon ne ya yi ɓarnar ba maganin ba, kuma wai an nemi yardar iyaye da baki ta hanyar ma'aikatan jinya masu jin Hausa. Iyayen kuma suka ce su ba wanda ya faɗa musu gwaji ne, ba wanda ya ce musu ga ƙungiyar likitocin agaji ta MSF nan a asibitin tana ba da maganin da aka saba kyauta. Jaridar Washington Post ce ta tono zancen a ƙarshen 2000, daga baya kuma aka gano takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama komai aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Yaron da aka yi wa abin yana goye ya isa aure kafin kuɗin su fito.

Kuma bashin bai tsaya a nan ba. Da aka zo 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna, babban zargin shi ne wai akwai maganin hana haihuwa a ciki, amma duk wanda ya zauna a majalisar mai shayi lokacin ya san da an fara musu sai wani yace "kun manta abin da aka yi a Kano?" shi kenan bakin kowa ya mutu. Mu ma a unguwarmu na tuna ana jin sallamar masu ɗigo sai a tura yara ƙuryar ɗaki. Kano ba ta dawo da rigakafin ba sai tsakiyar 2004, cutar kuma ta bazu har ta kai Yemen da Indonesiya a 2005, kuma sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar ta daji. A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, ga kwamitin ƙasa a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya a Abuja, ga dokar lafiya ta 2014. A takarda dai ba mu da matsala.

Sai dai ni ma ina da ja da Beauchamp, kuma ba ni na fara ba, malamai 'yan Afirka irin su Godfrey Tangwa na Kamaru sun daɗe suna cewa tsarin nan ya cika ɗaukan mutum kaman shi kaɗai yake a duniya. Mu a nan ciwon mutum ɗaya na gida ne duka. Wanda zai sayar da fili a biya kuɗin tiyata da wadda za ta kwana a tabarma ƙarƙashin gado tana zubar da fo ba za ka ce musu ba ruwansu ba. Goggo da kanta in ka ce ta yanke shawara ita kaɗai ba tare da 'ya'yanta ba za ta ga kaman an yar da ita ne. Wannan gaskiya ne. Amma mun fake da wannan gaskiyar mun yi wani abu daban, shawara da dangi ta koma shawarar dangi a bayan idon mai jikin. Nawa ne aka cire wa mace mahaifa ba ta sani ba sai bayan shekaru tana ta neman haihuwa, nawa ne mace na naƙuda jini na zuba ana jiran miji ya dawo daga kasuwar ƙauye ya sa hannu, ita kuma tana da hankalinta tana cewa a yi. Wannan ba kunya ba ce ba kuma kara ba ce.

Addini ma bai ce haka ba. Hadisin "la darara wa la dirara", ba cuta ba cutarwa, yana nan cikin Arba'una da yaran Islamiyya ke haddacewa, ga kuma hadisin da ke cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba to shi ke da alhakin abin da ya biyo baya. Tun wajen ƙarni na 9 wani likita Ishaƙ bin Ali al-Ruhawi ya rubuta littafi a kan ladubban likita. Don haka in ka fassara tushe huɗun nan wa malamin zaure ba abin da zai ba shi mamaki, sai dai yace an jera su da kyau.

Na san uzurin ma'aikatan, kuma ba ƙarya suke ba, likita ɗaya layin mutum tamanin, wasu abokan aikinshi sun tafi Saudiyya da Ingila, ga Jos gari ne da a ɗaki ɗaya za ka samu mai jin Birom da mai jin Angas da Bafulatana da ba ta jin Hausa sosai. Amma mu da muka matsa ranar, wani matashin likita ya zo ya ja kujera, bai fi minti biyar ba. Yace "Mama, kin san matsarmama, wadda in ana gyaran kaza ake cirewa a hankali kar ta fashe ta ɓata nama?" Tace ta sani mana. Yace to taki ce ta tara tsakuwa, ita ke sa ki wannan murɗawar in kin ci abu mai maiƙo, ita za mu cire. Ta tambaya ko mutum na rayuwa babu ita, yace ƙwarai. Ta tambaya ko za ta farka daga allurar barcin, yace yawanci ana farkawa lafiya amma akwai ɗan haɗari saboda shekarunta da hawan jininta, kuma in an bar abin haɗarin ya fi haka. Ta tambayi zancen man shanu, yace a ɗan ɗaga mishi ƙafa tukuna.

Goggo ta yi shiru can, sai tace to a kawo takardar ta dangwala. Aka ce mata ai ta riga ta dangwala tun ɗazu. Tace wancan su suka dangwala, a kawo mata wata.