Me Ake Nufi da "Chevy Lean"? Karkatar A-kori-kura Bayan an Sauke Ta Ƙasa

A Amurka akwai masu a-kori-kura da ba don ɗaukar kaya suka ajiye ta ba, ado kawai suke mata. Babban adon shi ne a sauke motar ta kusanci ƙasa, har bakin madigadi ya kusa rufe saman taya. Mutum zai zuba kuɗi, ya yini ya kwana a gareji, a sauko da motar daga kan jak, ya koma bayanta ya tsaya yana kallo, sai ya ga kafaɗarta ta hagu ta ɗan faɗa. In ya kai kuka wurin abokan sha'awarsa, amsar da ya fi ji kalma biyu ce: "Chevy lean".

Chevy laƙabin Chevrolet ne, "lean" kuwa karkata. Abin da ake nufi shi ne karkatar da a-kori-kurar Chevrolet da ta GMC, waɗanda duk kamfanin General Motors ke ƙerawa, kan yi zuwa ɓangaren direba. Galibi ba ta wuce rabin inci ba, wato santimita ɗaya da 'yan kai. Sunan ya manne wa Chevrolet, amma ba ita kaɗai ke da ciwon ba. Masu Toyota Tacoma, wadda ta fara fitowa a 1995, suna kiran tasu "Taco lean".

Dalilin bai wuce na jaki da mangala ba: gefen da aka fi lodawa shi ke rinjaya. A Chevrolet ƙirar 1988 zuwa 1998, wadda masu wannan ado suka fi ƙauna, tankin mai yana kwance a hagu, cikin shasi. Motar da ke da dogon baya tankinta yana ɗaukar galan 34, kusan lita 129, kuma litar fetur ta kusa gram 750, ka ga man cikakken tanki ya kusa kilo 97. Akwatin sitiyari ma yana hagu. Direba ya zo ya zauna a hagun, sau da yawa shi kaɗai, shekara da shekaru. A Tacoma har batir yana wannan gefen. Sifirin hagu da na dama kuwa yawanci iri ɗaya ne, don haka na hagu ya fi dannuwa tun motar tana sabuwa, in ta tsufa kuma shi ke fara gajiya.

To in tun asali karkatar tana nan, me ya sa sai bayan an sauke motar ake ganinta? Amsar tana tsakanin taya da madigadi. A-kori-kura yadda ta fito daga kamfani, kana iya zura hannu har da dunƙule a wannan ramin. Bambancin santimita ɗaya a rami mai faɗin haka, ido ba ya kama shi. Bayan an sauke ta ramin ya koma yatsu biyu, sai ka tarar dama yatsu biyu ne, hagu ɗaya da ƙyar. Santimitar ba ta ƙaru ba, wurin ɓuyanta ne ya ƙare.

Akwai kuma yadda ake saukewar. Za ka ji sun ce mota "4/6" ce: an rage inci 4 a gaba, 6 a baya. Baya ya fi shan ragi ne domin kamfani kan ɗaga shi sama da gaba, saboda in an yi lodi motar ta daidaita. A gaba akan sauya ƙarfen da taya ke ɗaure a jikinsa da wani wanda ƙugunsa ya haura sama, a haɗa da gajeren sifiri mai murɗe. A baya kuma akwai abin da suke kira "flip kit": aksul da ke ƙarƙashin sifiri mai falle-falle sai a mayar da shi samansa, motar ta sauka kusan inci 6, har sai an yanke shasi an yi masa baka don kada aksul ya riƙa dukansa. Duk wannan aikin da tsoffin fallayen ake yinsa. Sifirin da ya shekara ashirin yana ɗauke da tanki da direba, shi ɗin aka mayar, da gajiyarsa da komai.

Har zuwa nan kalmar gaskiya take faɗi. Inda nake da ja da ita shi ne yadda ta zama mafakar aikin ganganci. Bakanike ya yi kuskure, mai mota ya dawo yana ƙorafi, a ɗaga masa kafaɗa a ce ai duk Chevy haka take. Alhali in motar ɓangaren dama ta karkata, ko bambancin ya kai inci guda ya wuce, ko ba ta da shi kafin a taɓa ta, to ruwa ba ya tsami banza.

Kuskuren da ya fi yawa na ɗaurin noti ne. Hannuwan da ke riƙe tayar gaba da maratayan sifirin baya duk a kan bushin na roba suke juyawa, robar kuwa murɗewa take yi, ba zamewa ba. In aka ɗaure notin tamau motar tana sama tayoyi na reto, da an sauko da ita robar za ta murɗe ta riƙe wannan kusurwar a sama, kamar wani sifiri na ɓoye. Gefe ɗaya ya riƙe fiye da ɗaya, ga karkata ta fito, bushin kuma ba zai yi kwana ba. Ƙa'ida ita ce a sassauta, a ɗora motar a kan tayoyinta, a girgiza ta, sannan a ɗaure. Na biyu shi ne zaman sifiri mai murɗe. A mazauninsa akwai ɗan gurbi inda wutsiyarsa za ta tsaya, in ta hau kan tudun gurbin sai kusurwar ta ɗagu. Marataya masu ramuka biyu ko uku ma, ba abin mamaki ba ne a sa hagu a wani rami, dama a wani. Sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana ita ma tana iya jan gefe ɗaya in ta lanƙwashe, shi ya sa ake kwance mata hannu ɗaya a sake awo.

Awon ma da nasa ladabi. A sami daɓen siminti mai daidai, a daidaita iskar tayoyi huɗu da geji, a ja tef daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, ba daga ƙasa ba, don kada taya ta shiga lissafi. Sannan a auna shasi zuwa ƙasa a wuri ɗaya hagu da dama. In shasi daidai yake amma madigadi ya saɓa, laifin na robobin da bodi ke zaune a kansu ne ko na zaman akwatin baya, sifiri ba ruwansa. Mota kuma kamar tebur mai ƙafa huɗu take: in dama ta baya ta ɗagu, hagu ta gaba ce ke faɗawa. Mutane da yawa sun sayi sabon sifirin gaba alhali ciwon yana can baya ta ɗaya gefen, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Gwajin da ke raba gardama shi ne a musanya sifirin hagu da na dama. Karkatar ta koma ɗaya gefen, sifiri ne. Ta tsaya inda take, a nemi dalili a wani wuri. Shokazoba da ake yawan zargi, aikinsa kashe tsalle ne, ba shi ke ɗauke da nauyin mota ba.

Kada a haɗa wannan da "Carolina squat", inda da gangan ake ɗaga gaban mota a bar baya a durƙushe. Wancan salo ne, kuma jihar Karolina ta Arewa ta hana shi tun Disambar 2021, in madigadin gaba ya ɗara na baya da inci 4 ko fiye. A wajenmu ba mai sauke a-kori-kura, ramukan hanya sun isa hana shi, sai ma a ƙara mata fallen sifiri don buhuna. Amma wanda ya sayi Tacoma 'yar Amurka ya ga ta ɗan jingina hagu, ya san ba lalle haɗari ta taɓa yi ba.

In an bi duk wannan aka tarar karkatar ta asali ce, maganinta ɗan faifai ne da ake sawa a kan sifirin gefen da ya faɗa. Sai dai a gaba sifirin ba a kan taya yake zaune ba, yana wajen tsakiyar hannun, don haka faifai mai kaurin rubu'in inci yakan ɗaga madigadi kusan rabin inci. Sabon sifiri yana ɗan ƙara zama bayan an yi yawo da shi, gara a bari ya zauna kafin a sa faifan. Wasu kan bar hagu ta ɗan fi dama tsayi kaɗan in motar ba kowa, domin direba na shiga ta miƙe sak. Akan yi awon ƙarshe da rabin tanki, daga nan sai wurin masu alaimen, don duk abin da ya taɓa tsayin gaba ya taɓa tsayuwar tayoyi.