Ba Duk Yahudawa Ne Suka Koma Gida Daga Babila Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da Sarki Sairus na Farisa ya ci Babila (a ƙasar Iraƙi ta yau) a shekarar 539 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma ba Yahudawan da ke zaman bauta a can izinin komawa Urushalima, kowa ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Ba haka abin ya kasance ba.

Littafin Ezra, da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya lissafa waɗanda suka koma, iyali-iyali, jimillarsu 42,360. Amma da yawa sun yi zamansu a Babila, domin can aka haife su, can gonakinsu da kasuwancinsu suke. Gudummawar azurfa da zinariya suka bai wa masu komawa. Zuriyarsu ce ta harhaɗa Talmud na Babila, wato babban kundin dokoki da koyarwar malaman Yahudawa, kuma sai a 1950 zuwa 1951 mafi yawansu suka bar Iraƙi.