Apache ya ƙi tashi a kwamfutarka: wa ya tare ƙofar?

Duk wanda ya fara koyon gina shafin intanet a kan kwamfutarsa ya san wannan jan rubutun. Ka buɗe XAMPP, manhajar da ke haɗa maka kayan gwada shafi a kwamfutarka, ka danna Start a gaban Apache, wato sabar da ke miƙa wa burauza shafin, sunan ya yi rawaya na ɗan lokaci sannan ya mutu, akwatin da ke ƙasa kuma ya cika da jan Turanci. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu koyo suka fi kawo mini, galibi da daddare, ana gobe za su nuna aikinsu ga malami.

Jiya lafiya lau yake aiki, yau ya ƙi tashi. Me ya lalace?

Sau da yawa babu abin da ya lalace. Wani ne kawai ya riga shi zama a wurinsa.

Kwamfuta tana karɓar saƙonnin hanyar sadarwa ta ƙofofi masu lamba, daga 0 zuwa 65535. Su ne za ka ga an rubuta "Port" a allon XAMPP. Bisa al'ada shafukan intanet suna bi ta ƙofa ta 80, masu kariya wato HTTPS ta 443, rumbun bayanai na MySQL kuma ta 3306. Ƙa'idar kamar ta rumfar kasuwa ce: lamba ɗaya, mai ita ɗaya. Wanda ya yi sammako ya shimfiɗa kayansa shi ke da rumfar, na biyu sai ya tsaya da kaya a ka. Idan Apache ya zo ya tarar wata manhaja ta kama 80 tun lokacin da kwamfutar ta kunna, ba ya rigima, ficewa yake yi. Shi ya sa saƙon yake farawa da "Port 80 in use by". A fayil ɗin kurakurai na Apache ko a Event Viewer kuwa za ka ga AH00072 tare da "could not bind to address". Ma'anarsu ɗaya ce.

Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne: me na saka tsakanin jiya da yau? Visual Studio, SQL Server, VMware, Docker, ko wata sabar kamar WAMP ko Laragon a kan wadda kake da ita.

To in cire XAMPP in sake sakawa mana?

Kada ka yi. Sabon Apache zai zo ya tarar da mai rumfar nan yana zaune daram. Ga kuma asara: na ga wanda ya cire XAMPP cikin fushi, ya goge foldar gaba ɗaya, aikinsa na wata uku da ke cikin htdocs, foldar da XAMPP ke ajiye shafuka, ya bi ruwa. Garin neman gira ya rasa ido.

Ta yaya zan gano wanda ya tare ƙofar?

Nan ne aikin yake. Buɗe Command Prompt a matsayin admin, ka rubuta:

netstat -ano | findstr :80

Layuka da yawa za su fito, kuma a nan mutane ke ruɗewa, domin umarnin zai kwaso har 8080 da 8000 da duk wani adireshi mai ":80" a ciki. Layin da kake nema shi ne wanda a ɓangaren hagu yake da 0.0.0.0:80 ko [::]:80, a gabansa kuma an rubuta LISTENING. Lambar da ke ƙarshen layin ita ce PID, wato lambar shaida da Windows ke ba kowane aiki mai gudana. A ce ka ga 5312. Sai ka rubuta:

tasklist /FI "PID eq 5312"

Sunan zai fito fili. In ka ga httpd.exe, to wani Apache ne, ko tsohon da ka taɓa sakawa ya zama sabis mai tashi da kansa, ko na WAMP. In nginx.exe ne, wata sabar ce daban mai suna nginx, ka san inda za ka nufa. Haka za ka yi wa 443, kuma a can wanda aka daɗe ana kamawa shi ne vmware-hostd.exe na tsofaffin VMware Workstation, wanda ke riƙe ƙofar saboda tsarin Shared VMs.

Ga wanda baƙin allon nan ke ba tsoro, akwai maɓallin Netstat a hannun dama na allon XAMPP. Yana nuna ƙofa da PID da suna a jere.

Na duba, PID ɗin 4 ne, sunansa System. Na yi ƙoƙarin kashe shi ya ƙi.

Gara da ya ƙi. PID 4 shi ne zuciyar Windows kanta, ba a kashe shi. Abin da ke faruwa shi ne, Windows na da wani sashe mai suna http.sys wanda ke riƙe ƙofa a madadin wasu manhajoji. Kamar ɗan aike ne da aka tura ya kama layi: shi kake gani a tsaye, amma mai aiken yana can wani wuri. Shi za ka nema.

Na farko da ake zargi shi ne IIS, sabar da Microsoft ke haɗawa cikin Windows. Gwajin mai sauƙi ne: rubuta localhost, wato adireshin kwamfutarka da kanta, a burauza. In ka ga shuɗin shafin maraba na IIS, magana ta ƙare. Danna maɓallin Windows da R, rubuta services.msc, nemo World Wide Web Publishing Service, ka tsayar da shi, sannan ka mayar da yanayin tashinsa Manual ko Disabled. Wannan mataki na biyu shi ake mantawa, sai gobe a kunna kwamfuta a tarar ya dawo. In ba IIS ba ne, duba SQL Server Reporting Services da Web Deployment Agent Service. In duk ba su ba ne, umarnin

netsh http show servicestate

zai lissafa waɗanda suka yi rajista da http.sys tare da lambobin PID ɗinsu na gaskiya.

Za ka ci karo da masu ba da shawarar "net stop http". Yana aiki, amma yana tafiya da duk sabis ɗin da suka dogara da shi, har da Print Spooler. Washegari ka zo buga takarda, firinta ta yi shiru, ka rasa dalili.

An ce mini Skype ne ke jawo wannan.

A da, ƙwarai. Tsohon Skype yana kama 80 da 443 sai ka shiga saitinsa ka hana shi. Microsoft ta rufe Skype a watan Mayun 2025, don haka in ka ga wannan shawarar, ka san tsohon zance ne.

In kori wancan, ko in canza wa Apache ƙofa?

In ba ka amfani da wancan, kore shi. In kana bukatarsa, ko kwamfutar ta ofis ce ba ka da ikon taɓa sabis, sai Apache ya yi ƙaura. Buɗe C:\xampp\apache\conf\httpd.conf, ka mayar da "Listen 80" zuwa "Listen 8080", da "ServerName localhost:80" zuwa "localhost:8080". In rikicin na 443 ne, fayil ɗin daban ne, httpd-ssl.conf a cikin foldar extra, kuma wurare ne fiye da ɗaya: layin Listen da kuma na VirtualHost. Bayan nan ka shiga Config na allon XAMPP, ka gyara lambobin a Service and Port Settings, in ba haka ba allon zai ci gaba da kuka a kan 80 alhali Apache ya bar can.

Daga nan adireshinka ya zama localhost:8080. Burauza ba ta duba ko'ina sai 80 in ba ka faɗa mata ba.

Masu WordPress su kula. WordPress yana ajiye adireshin shafi a cikin rumbun bayanai, a teburin wp_options, layukan siteurl da home. In ka canza ƙofa ba ka gyara su ba, shafin zai fito tsirara babu ado, ko ya riƙa mayar da kai tsohon adireshi. Ni dai na fi son in 'yantar da 80 in har zai yiwu, don gudun irin wannan jele-jelen.

Apache ya tashi, amma MySQL ya ƙi.

Fara da netstat ɗin nan, amma a kan 3306. Abin da XAMPP ke kira MySQL a allonsa a zahiri MariaDB ne tun 2015, don haka in ka saka MySQL na Oracle daban, wataƙila tare da Workbench don wani darasi, su biyun za su yi karo. Na Oracle yakan bayyana a services.msc da suna kamar MySQL80. Ko ka tsayar da shi, ko ka mayar da na XAMPP 3307 a cikin my.ini, sannan ka sanar da phpMyAdmin, shafin da ake sarrafa rumbun da shi, a config.inc.php, ka sanar da aikinka ma. A wp-config.php za ka sa 127.0.0.1:3307 a matsayin DB_HOST.

Amma in netstat ya nuna babu kowa a 3306, to ba rikicin ƙofa ba ne. A wajenmu babban dalili shi ne ɗauke wuta. Kwamfutar tebur babu UPS, ko laptop mai mataccen batir, ana cikin rubutu a rumbun wuta ta tafi, fayilolin su samu rauni. Karanta mysql_error.log a cikin foldar data, wadda ke cikin foldar mysql ta XAMPP. Kafin ka taɓa komai, kwafi foldar data ɗin gaba ɗaya ka ajiye a gefe. Kuma duk wanda ya ce ka goge fayil ɗin ibdata1 da ke cikinta, ka tambaye shi ko zai biya ka teburanka, domin teburan InnoDB, wato irin teburan da MySQL ya saba ƙirƙira, ba sa buɗuwa yadda ya kamata in babu shi. Al'adar da ta fi arha ita ce ka danna Stop kafin ka kashe kwamfuta, ka riƙa yin Export a phpMyAdmin lokaci-lokaci.

Ni a kan Linux nake, abokina kuma Mac.

Ciwon ɗaya ne. A Linux saƙon shi ne "Address already in use", umarnin kuma:

sudo ss -tulpn | grep :80

A Ubuntu yawanci apache2 ne da nginx ke takara, domin kowannensu yana tashi da kansa da zarar an saka shi. "sudo systemctl stop apache2" zai tsayar da shi yanzu, sa "disable" a madadin "stop" zai hana shi dawowa in an sake kunna kwamfuta. Ka tuna kuma ƙofofin da ke ƙasa da 1024 suna bukatar izinin root, wato admin na Linux, don haka "permission denied" a kan 80 ba yana nufin akwai wani a wurin ba.

A Mac a yi amfani da "sudo lsof -i :5000" ko duk lambar da ake zargi. Na ambaci 5000 da gangan: tun macOS Monterey na 2021, AirPlay Receiver yana zaune a 5000 da 7000, ita kuwa 5000 nan ce Flask, kayan gina shafi na Python, ke nema. A kashe AirPlay Receiver a saiti, ko a ba Flask 5001.

Masu Node, wato masu gina saba da JavaScript, kuma nasu saƙon EADDRINUSE ne, galibi a kan 3000, kuma galibi su ne suka tare wa kansu. Ctrl+C ke kashe saba. Ctrl+Z dakatar da ita kawai yake yi, tana nan kwance riƙe da ƙofar.

Netstat bai nuna kowa ba, amma har yanzu ya ƙi.

Abu biyu za ka duba. Windows mai Hyper-V, tsarin gudanar da wata kwamfuta a cikin taka, wanda Docker Desktop da WSL 2 ke jingina da fasaharsa, yakan keɓe jerin ƙofofi ya hana kowa, ko da babu mai amfani da su. Alamarsa ita ce kuskure mai lamba 10013 maimakon 10048 da ake gani in wani ya tare ƙofar. Duba jerin da:

netsh interface ipv4 show excludedportrange protocol=tcp

In lambarka na ciki, zaɓi wata. Na biyu, wataƙila kai ne ka ɓata saitin da hannunka. Alama ɗaya da ka manta ba ka rufe ba a httpd-vhosts.conf, fayil ɗin da ake saita shafuka masu suna daban-daban, ta isa ta hana Apache tashi. Danna Shell a allon XAMPP ka rubuta "httpd -t". Zai faɗa maka fayil da lambar layin, ko ya ce "Syntax OK".

Komai ya yi kore, amma burauza na nuna mini wani shafi daban, ko ta tilasta HTTPS.

Gwada a tagar sirri (Incognito) tukuna. Burauza tana haddace turawa ta dindindin mai lamba 301, ta ci gaba da bin ta bayan ka gyara. In ka ƙirƙiri suna na gida a fayil ɗin hosts, wanda ke C:\Windows\System32\drivers\etc, duba ƙarshen sunan. Tsofaffin darussa suna koyar da .dev, amma .dev mallakar Google ce, kuma tun ƙarshen 2017 Chrome ke tilasta HTTPS a kan duk sunan da ya ƙare da ita. Yi amfani da .test, wadda aka keɓe don gwaji tun 1999. Ka rubuta "127.0.0.1 aikina.test" a hosts, ka buɗe Notepad ɗin a matsayin admin don ya yarda ya ajiye, sannan ka sa sunan nan daidai a ServerName na httpd-vhosts.conf ka sake kunna Apache.