Keken zaren kabon da kula da shi

Keken zaren kabon keke ne da ake yin gangar jikinsa, wato firam, da siraran zaruruwan kabon da aka jiƙa da wani irin ƙaro mai suna efoksi, aka jera su falle kan falle a cikin mazubi, aka gasa har suka sandare. Kaurin zare guda bai wuce maikuromita 5 zuwa 10 ba, gashin kai ma ya ninka shi kauri. Firam ɗin keken tsere mai kyau yakan tsaya a kilo ɗaya ko ƙasa da haka. Ba ya tsatsa, yana da ƙarfi ta fuskar da aka jera zaren, amma ba ya jure matsa ko duka a wuri guda, kuma yakan ɓoye rauninsa a ƙarƙashin fenti.

Tarihi

Zaren kabon ya girmi keken tsere na zamani nesa ba kusa ba. Wajen 1879 zuwa 1880 Thomas Edison ya ƙona zaren auduga, daga baya tsinkayen gora, har suka zama kabon, ya sa su a cikin ƙwan lantarki. Wannan zare haske kawai yake bayarwa, ba ya ɗaukar nauyi. Zare mai ƙarfi ya samo asali ne daga aikin Roger Bacon a kamfanin Union Carbide na Amurka a 1958. Bayansa Akio Shindo a Osaka ta Japan ya samar da zare daga wani sinadarin roba mai suna PAN, wajen farkon shekarun 1960, kuma har yau akasarin zaren duniya daga wannan sinadari ake yin sa. A 1963 masana a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough a Ingila suka inganta hanyar gasa shi. Kamfanin Toray na Japan ya fara sayar da shi a kasuwa a 1971. Jiragen sama, sandunan kamun kifi da sandunan golf ne suka fara cin moriyarsa.

Masu keke sun fara gwada shi tun shekarun 1970, ta hanyar manna bututun kabon a cikin mahaɗai na alminiyom. Da irin wannan keke Greg LeMond ya ci babbar gasar tseren keke ta Faransa, Tour de France, a 1986. A daidai wannan lokaci, 1986 ko 1987, kamfanin Kestrel na Amurka ya fitar da firam na kabon zalla wanda ba shi da mahaɗin ƙarfe. A wasannin Olamfik na Basalona a 1992 Chris Boardman na Birtaniya ya ci zinare a tseren mita 4,000 a kan keken Lotus, mai siffar da ba a saba gani ba. Nauyin kekuna ya yi ta raguwa har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka a 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8. A yau akasarin firam ɗin kabon a Taiwan da Sin ake yin su, kuma jera fallayen har yanzu aikin hannu ne.

A Kano

Keken da Kano ta sani na ƙarfe ne: Rali ta Ingila, daga baya Fonis ta Sin, masu kariya da ke ɗaukar buhun gero ko jarkokin ruwa. A kan waɗannan kekuna masu gyara suka koyi sana'a. Fok ya lanƙwashe, a miƙar da shi da guduma. Firam ya tsage, a kai wa mai walda. Noti ya saki, a ɗaure shi iya ƙarfin hannu. Kaca ta bushe, a zuba mata baƙin mai. Wannan ilimi ne na gaske da ya raya keke ɗaya daga uba har jika, sai dai kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana lalata keken kabon. Kekunan kabon kaɗan ne a garin, galibi a hannun masu motsa jiki da 'yan tsere, kuma da yawansu na hannu ne da aka shigo da su ba a san faɗuwar da suka taɓa yi ba.

Ɗaure noti

Nan ne aka fi yin ɓarna. Kusa da kowane noti na kan keke da na sandar sirdi akan rubuta adadin ƙarfin da za a ɗaure shi, sau da yawa 4 zuwa 6 Nm, wato ma'aunin ƙarfin murɗa noti. Wannan ɗauri ne mai sauƙi ƙwarai, hannun da ya saba da Rali zai wuce shi ba tare da ya sani ba, sai a ji ɗan ƙas, bututun ya murƙushe daga ciki. Shi ya sa ake amfani da sifana mai ma'auni. Idan sandar sirdi tana zamewa, ba a ƙara ɗauri; akwai man haɗa kabon mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da ake shafawa don ta kama. Inda alminiyom ya haɗu da kabon, gumi da ruwa sukan sa alminiyom ɗin ya ci har sandar ta liƙe, don haka akan zare ta lokaci-lokaci a goge. Ba a maƙale firam a bakin mariƙin gyara, sandar sirdi ake kamawa. Ba a kuma ɗaura masa kariya ko a goya mutum, sai in don haka aka ƙera shi.

Wanki da ajiya

Ruwa, sabulu mai laushi da tsumma sun isa. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana tura ruwa cikin boris ya kore giris. Da hunturu ƙura takan haɗu da man kaca ta zama kamar sanfefa, ta cinye kacar da haƙoran giya. A goge kaca akai-akai, a sa mai kaɗan, a share ragowar. Ba a goge firam da tina ko fetur.

Fenti ne ke kare efoksi daga rana, saboda haka a ajiye keken a inuwa. Da bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ba a barin sa cikin rufaffiyar mota, ba a jingina shi kusa da janareto. In an rataye shi a bayan mota a lura kada gargaren ya fuskanci salansa. Gargaren kabon mai birkin gefe yana da nasa robar birki daban.

Duba rauni

Ƙarfe yakan lanƙwashe ya nuna wa mai shi ciwonsa. Kabon kuwa fallayensa na iya rabuwa a ciki alhali waje sumul. Bayan kowace faɗuwa ko karo da adaidaita sahu, a wanke keken a duba shi cikin haske mai kyau, musamman fok, ƙarƙashin bututun gaba, bakin sandar sirdi da gefen da kaca ke faɗawa. A shafa auduga a wurin da ake zargi. In ta maƙale, zare ya tashi. A danna da babban yatsa a ji ko ya yi laushi. Sannan a ƙwanƙwasa da tsohon sulai: lafiyayyen wuri yana amsawa ƙal-ƙal, mai rauni kuwa dum-dum. Wannan gwaji ba ya gano komai da komai, ƙwararru da na'urar da ke leƙa cikin firam da sauti suke dubawa. Sabuwar ƙara da ba a san mafarinta ba ma dalili ce ta sauka a duba. Mai sayen na hannu ya yi hattara da sitika ko sabon fenti a wuri guda.

Gyara

Ba a yi wa kabon walda, kuma gam ɗin kanti ba ya mayar da ƙarfinsa. Ƙwararre yana iya kankare wurin, ya jera sababbin fallaye ya gasa. Fok, kan keke da sandar sirdi kuwa in sun tsage canza su ake yi.

Tsawon rai

An saɓa a kan wannan. Wasu na ganin firam da bai taɓa buguwa ba zai yi shekaru masu yawa, wasu na ba da shawarar canza fok da kan keke bayan wasu shekaru ko da ba a ga komai ba.